Ruwan Ɗorawa a Allon Nazir

Ranar Litinin ɗin da Ruma'isa ta haihu, kwana tara ke nan da mijinta Nazir ya sayi sabuwar ordinater, wato kwamfuta. Abu biyun da ya daɗe yana roƙon Allah sun zo masa kusan a tare, har maƙwabtan shagonsa a Magariya suka riƙa tsokanarsa, wai ya faɗa musu wacce za a fara raɗa wa suna.

Shagon ba wani babba ba ne. Ɗaki ɗaya ne a hanyar tasha, da tebur, da injin fotokopi wanda baƙi da fari kaɗai ya sani, da farin ƙyalle a bango don masu ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa. Tsohuwar ordinater ɗinsa mai ƙaton kai ta mutu tun farkon damina. Wannan sabuwar siririya ce, ana ninke ta a sa a jaka, kuma daga Kano wani ɗan kasuwa ya taho masa da ita cikin kwalinta. Aibinta biyu ne. Na farko, Ingilishi take ji, shi kuwa Nazir da Faransanci ya yi lekol har ya gama lise, wato babbar sakandare, saboda haka duk abin da ta rubuto masa sai ya yi ta lalube. Na biyun shi ya fi ci masa rai: komai ruwan ɗorawa take nunawa. In ya buɗe farin shafi sai ya fito kamar an zuba masa shayi. Farin ƙyallen bango ya koma rawaya, haƙoran mutane rawaya, hatta wani dattijo mai farin gemu da ya zo ɗaukar hoto ya leƙa allon ya tambaya ko lalle aka shafa masa bai sani ba.

Ruma'isa ba a Magariya ta haihu ba. Haihuwar fari ce, don haka tun cikin yana wata takwas aka mayar da ita gidan iyayenta a wani ƙauye na Kwaya, inda mahaifiyarta Inna Ɗela za ta kula da ita har ta gama wanka. Da za ta tafi Nazir ya ba ta babbar wayarsa mai hoto, ya riƙe ƙarama mai maɓalli. Ranar da labari ya iso ya hau babur ɗin kabu-kabu ya je barka. Ya durƙusa a zaure gaban surukinsa, aka yi addu'a, aka ce mace ce, an yi mata huɗuba da Aziza. Wata tsohuwa ta fito da jaririyar a naɗe cikin zane ta miƙo masa.

To, nan ne Nazir ya yi abin da aka koya masa tun yana yaro. Namiji ba ya zuba wa ɗan fari ido a gaban surukai. Ya karɓe ta, ya tofa mata addu'a yana kallon bango, ya mayar da ita da sauri kamar wanda aka ba ajiyar da ba tasa ba. Tsohuwar ta yi dariya ta ce kai, wannan yaro akwai kunya. Ya ji daɗin yabon. A hanyar komawa, tsakanin gonakin geron da ya fara fitar da kai, sai ya lura cewa nauyinta kaɗai ya sani. Fuskarta kuwa ko a kasuwa aka nuna masa ba zai gane ta ba.

Ranar Laraba da hantsi wani ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofar shago ya miƙo masa ƙullin takarda. Rezo, wato layin waya, a ƙauyen su Ruma'isa da ƙyar yake ɗaukar murya, balle hoto, shi ya sa ta zare katin ajiyar hotuna na wayar ta naɗe ta aiko. Nazir ya jira har shagon ya yi shiru, ya tura ƙofa, ya juya allon ya fuskanci bango, sannan ya sa katin.

Hoto huɗu ne. Na farko tana barci a kan farin mayafi. Na biyu hannunta ne a dunƙule. Na uku an ɗaga ta kusa da ƙofar ɗaki inda haske yake shigowa. Na huɗu kuwa wani iri ne: an matso da wayar sosai, babu komai a ciki sai ido ɗaya, ɗan yatsan Ruma'isa ya ja fatar ƙasa ya buɗe shi.

Ya daɗe yana kallo, ƙirjinsa cike da wani abu da bai taɓa ji ba. Hancinsa ne sak, goshin kuma na uwarta. Sai dai duk rawaya ne. Mayafin rawaya, bangon rawaya, kumatun rawaya, farin idon ma rawaya. Nazir ya yi tsaki, ya daki gefen tebur.

"Wannan ordinater ta gama da ni," ya ce shi kaɗai. "Ko 'yata ba za ki bar ni in gani yadda Allah ya yi ta ba."

Hoton idon ya ɗan ba shi dariya. Ya ce a ransa Ruma'isa har yanzu ba ta iya riƙe waya ba.

Hanya mai sauƙi tana nan, kuma ya san da ita. Mai shayin da ke gefensa yana da babbar waya, mai sayar da taya ma haka, minti ɗaya ya isa a sa katin a gani. A bakin tasha kuma akwai mai wankin hoto mai kala, inda yake kai aikin mutane kullum. Amma ya miƙa wa mai shayi hoton 'yarsa ta fari? Kafin la'asar duk layin ya ɗauka, angon ƙarni ya kasa haƙuri, yana yawo da hoton jaririya a aljihu. Nazir ya gwammace ya gyara allonsa ya kalli abarsa a ɓoye. Wayo yake ganin ya yi.

Ranar Alhamis ya ɗauki ordinater ya tafi wajen Maiwada. Maiwada shi ne mai gyaran irin waɗannan kaya a unguwar, mutum mai furfura a gemu da 'ya'ya shida, wanda ba ya gyara abu sai ya haɗa da zolayar mai shi. Nazir ya same shi a tsaye da jaka a kafaɗa, kabu-kabu yana jiransa.

"Angon ƙarni! Ina mai jego, ina baƙuwa?"

"Suna lafiya, Yaya Maiwada. Wannan ce ba ta da lafiya."

"Dungas za ni, an kira ni aiki, sai jibi. Amma buɗe in gani."

Ya buɗe a kan benci. Maiwada ya karkata allon gaba da baya, ya matsa gefensa da yatsa ko wata waya ce ta saki a ciki. Launin bai motsa ba.

"Nuna mini hoton da ka ga abin ya fi yawa a cikinsa."

Yatsan Nazir yana kan wurin da ya adana hotuna huɗun nan. Ya ɗan tsaya. Sai ya gangara ƙasa ya buɗe hoton dattijo mai gemu.

Maiwada ya kwashe da dariya. "Allah sarki, an mayar da Baba ɗan gayu. Ba na jin ekran ɗin, allon nan, ya lalace. Wani abu ne a cikin saiti, ko kuma manhajar da ke sarrafa hoto. Kada ka taɓa abin da ba ka sani ba. Asabar da safe ka kawo ta." Ya haye bayan babur suka tafi.

Da azahar ƙaramar wayarsa ta yi ƙara. Ruma'isa ce. Muryarta ƙasa-ƙasa, a bayanta kuma yana jin hayaniyar matan da suka zo barka da ƙarar taɓarya.

"Ina wuni. Saƙo ya iso?"

"Ya iso. Ya jiki?"

"Da sauƙi." Sannan ta ce, "An duba?"

"Na duba. Sai dai ordinater ɗin nan tana ɓata kala, komai rawaya take nuna mini. Amma Asabar za a gyara ta, in sha Allahu."

Sai da ya cire wayar daga kunne ya duba ko rezo ne ya ɗauke, sannan ya sake jin muryarta.

"To," ta ce. "Inna tana gaisuwa."

Ya kashe wayar yana murmushi. Ya san ba za ta ambaci yarinyar ba, kamar yadda shi ma bai tambaya ba. Mace mai kunya ba ta zancen 'yar fari a gaban uwarta, kuma irin wannan kunyar ce ta sa ya aure ta.

Maiwada ya ce kada ya taɓa, amma ranar Juma'a Nazir ya wuni yana taɓawa. Ya ƙara haske, rawayar ta ƙara fitowa. Ya rage, ta koma kamar ƙasa-ƙasa. Ya kashe ya kunna ya fi sau goma. Ya goge allon da tsumma mai laushi. Ya ciro tsohon ƙamus ɗinsa na lise yana bin kalmomin Ingilishi ɗaya bayan ɗaya, ya shiga nan ya fita can, ya sauya wani abu da ya sa rubutu ya yi girma har sai da ya yi gumi kafin ya mayar. Bayan kowane gwaji sai ya buɗe hoto na farko, ya kara farar takarda a gefen mayafin ya kwatanta. Mayafin yake kallo. Bayan an sauko daga masallaci ya biya ya duba ragon suna da ke ɗaure a gidan yayansa, ya ƙara masa harawa, ya koma shago ya ci gaba.

Asabar da safe Maiwada ya jona ordinater ɗin da wani allo nasa na gwaji. Shi ma ya fito rawaya.

"Ka gani? Da ekran ɗinka ne ya lalace, da nawa ya nuna fari. Ciwon a ciki yake." Ya ɗan yi danne-danne yana waƙa a hanci, sai ya tsaya ya dubi Nazir ta saman tabarau. "Zo ka ga abin da ya hana ka barci. Wannan wani saiti ne da aka yi don masu aiki cikin duhu, yana rage farin haske kada ido ya gaji. Wani ya kunna shi a kanti, ya kai shi ƙarshe, ya manta. Shi ke nan fa."

Ya danna sau ɗaya. Allon ya washe nan take, fari ya zama fari.

Daɗi ya kama Nazir har ya manta da kansa. Kwana uku yana jiran wannan lokacin. Ya jawo ordinater ɗin, bai ko juya allon ba, ya buɗe hoto na farko. Mayafin fari tas. Bangon ya koma jar ƙasarsa. Ya wuce na biyu, ya wuce na uku, ya zo na huɗu.

Farcen Ruma'isa ya fito da launinsa na farce. Idon bai sauya ba.

Nazir ya ce, "Akwai saura kaɗan. Nan wurin bai gyaru ba."

Maiwada bai yi dariya ba. Ya cire tabarau, ya matso, ya koma hoto na uku ya dubi kumatun da tafin hannun, ya dawo na huɗu.

"Nazir, wannan 'yarka ce?"

"E."

"Yaushe aka ɗauka?"

"Laraba ya iso."

"Laraba." Maiwada ya ajiye tabarau a hankali. "Wannan ba ordinater ba ce, ƙanena. Cutar shawara ce, kuma ta yi ƙarfi tun a lokacin. Na taɓa ganin irinta a ɗana na uku. Me ya hana ka nuna mini ran Alhamis?"

Maiwada bai jira amsa ba.

"Bar ordinater ɗin nan. Ga makullin babur ɗina. Kada ka tsaya gaisuwa a zaure."

Bai tsaya ba. Ranar ce karo na farko da ya ratsa gidan surukansa da takalmi a ƙafa har ƙofar ɗakin mai jego. Ɗakin duhu ne, an rufe taga da zane saboda iska, ga garwashi a kasko. Ruma'isa tana zaune a bakin gado da yarinyar a cinya. Da ta gan shi ba ta yi mamaki ba, ba ta kuma rufe fuska ba. Ta ce, "Tun jiya ba ta kama nono."

Inna Ɗela ta shigo tana gyara ɗankwali. Ba muguwar mace ba ce, kuma ba sakarai ba. 'Ya'ya tara ta haifa, biyar sun yi wannan rawayar, ta ba su jiƙo, ta wuce musu kafin suna. Abin da ta sani ta yi. Ta fara cewa, "Ai shawara ce, ɗana, tana wucewa," amma Nazir ya riga ya ɗauki yarinyar ya fita da ita tsakar gida. A cikin rana ya buɗe zanen ya kalli 'yarsa da kyau a karon farko. Rawayar ta sauka har tafin ƙafa. Ta yi wani siririn kuka mai tsini, ta banƙare baya. Inna Ɗela ta ga abin da duhun ɗaki ya ɓoye mata, ta dafa bango ta fara salati.

A asibitin yara na Magariya aka karɓe ta da gaggawa. Aka tuɓe ta, aka rufe mata ido da ɗan ƙyalle, aka kwantar da ita a ƙarƙashin wata shuɗiyar fitila. Ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, Nazir ya gani da idonsa. Wata likita mai sanyin murya ta tambaye shi yaushe aka fara ganin rawayar. Ya ce Laraba. Ta rubuta, kuma ya gode mata a ransa da ba ta ƙara tambaya ba.

Wuni da kwana ya yi a tsaye bayan gilashi. Yanzu babu wanda zai hana shi kallo, sai dai a ƙarƙashin wannan fitilar komai shuɗi ne, zanen gado shuɗi, ƙafafunta shuɗi, fuskar kuma rabinta a rufe. Ranar Lahadi da la'asar Aziza ta cika. Washegari ne ya kamata a yi suna. Mutanen da aka raba wa goro don su zo walima su ne suka zo gaisuwa, ragon kuma yayansa ya kwance shi ya mayar garke ba tare da ya tambayi kowa ba.

Kowa ya ce kwananta ne ya ƙare, kuma Nazir ya yarda, domin musulmi ne. Amma yarda da ƙaddara ba ta hana shi lissafin kwanaki ba. Laraba, Alhamis, Juma'a. Yana kan sallah ma sai ya ji suna bi ta kansa. Maiwada ya aiko masa da ordinater ɗin a jakarta, ya sa ta ƙarƙashin tebur, ya fi wata yana mayar da masu son hoto yana ce musu inji ya lalace.

Ruma'isa ta dawo ɗakinta bayan ta cika arba'in. Ta rame, ta yi shiru, tana aikinta kamar da. Ba ta taɓa ɗaga zancen ba, shi ma haka, suna ta kewaya juna a cikin gida da ladabi. Wata ranar da hantsi ta kawo masa fura shago da kanta, abin da ba ta saba ba. Ta ajiye kwanon, ta zauna a kujerar masu ɗaukar hoto, bayanta ga farin ƙyallen.

"Katin nan yana wajenka?"

"Yana nan."

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. "Inna ta fita ɗiban ruwan wanka, shi ne na kai yarinyar bakin ƙofa na ɗauki hotunan. Na ga idon tun Talata. Na faɗa wa Inna sau ɗaya, ta ce ba komai, matan da ke ɗakin suka yi ta dariya wai na fara rawar kai a kan 'yar fari. Ban iya sake faɗa ba. Sai na ce kai ka yi karatu, kana gani za ka gane, ba sai na yi magana ba." Ta ɗago kai. "Ran Alhamis da ka ce ordinater ce, na so in ce maka ba ita ba ce. Wallahi maganar tana bakina. Inna tana zaune kusa da ni."

"Ni ma Yaya Maiwada ya ce in nuna masa hoto ran Alhamis ɗin," in ji Nazir. "Na nuna masa na wani tsoho."

Bai taɓa faɗa wa kowa wannan ba. Ya jira ta yi kuka, ko ta tashi ta fita. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta daɗe tana kallon ƙasa, shi kuma yana jin baƙin ciki, nasa da nata, don ya san babu wanda zai iya ɗauke wa wani.

"Nuna mini yadda ka gan ta," ta ce.

"Ruma'isa, an gyara."

"Na sani. Yadda ka gan ta ran Laraba nake so in gani."

Ya jawo jakar daga ƙarƙashin tebur, ya kaɗe ƙura, ya kunna. Wannan karon bai yi lalube ba, wurin da Maiwada ya danna ya zauna masa a ka daram. Ya kunna saitin, ya ja shi har ƙarshe. Rawaya ta rufe allon. Ya buɗe hotunan, ya juyo mata da shi, ƙofar shago a buɗe, mai shayi yana wucewa da butarsa, bai damu ba.

Ruma'isa ta matso da kujera. Ta kalli na farko, ta kalli hannun, ta kalli na bakin ƙofa. A na huɗu ta tsaya. Mayafi, yatsa, fata da ido duk sun zama launi ɗaya, babu abin da ya fita daban. Ta kai ɗan yatsa ta taɓa allon daidai kumatun, hawaye yana sauka a kan hannunta.

"A haka lafiyarta lau," ta ce.

Nazir ya miƙa hannu zai mayar da saitin. Ta riƙe masa hannu.

"Bar mini ita haka tukuna."